Gidan Alkama da Danginta na Daji

  

Yau maganarmu a kan alkama take. Za mu fara da tambaya guda. Hatsi da dawa da wake, da damana muke shuka su. Alkama kuwa sai damana ta wuce, an kai amfani gida, ɗari ya shigo, sannan a shuka ta a bakin Komadugu, a riƙa yi mata ban ruwa. Me ya sa haka? Me ya hana ta tsira da ruwan sama kamar sauran?

Amsar tana wata ƙasa mai nisa, inda dangin alkama na daji suke tsirowa da kansu. In kun san wannan ƙasa, za ku gane halin alkamar da ke gonarku. Za ku kuma gane darajar wasu ciyayi da kuke takawa kullum a bakin tabki.

Kowace shuka tana da dangi a daji

Kun san kare da dila dangi ne. Kun san zabon gida da zabon daji asalinsu ɗaya. To, haka abin yake ga shuke-shuke. Duk hatsin da muke ci, asalinsa ciyawar daji ce. Mutanen farko sun riƙa tsintar ƙwayarta suna ci. Daga baya suka fara ajiye mai kyau, suna shukawa kusa da gida. Shekara da shekaru ana zaɓe, har ƙwaya ta ƙara girma.

Ga babban bambanci tsakanin ta daji da ta gona. Ta daji, in ta nuna, zangarniyarta kakkaryewa take yi, ƙwaya ta zube ƙasa. Ita ke shuka kanta, ba ta jiran kowa. Ta gona kuwa tana riƙe ƙwayarta har manomi ya zo da lauje ya yanke, ya sussuke. In mutum ya daina shuka ta, sai ta ɓace. Ta daji kuwa tana nan a wurinta na asali, muddin ba a ɓata wurin ba.

Alkama ma haka take. Mutane sun fara noma ta shekara wajen 10,000 da suka wuce. Danginta na daji suna nan har yau.

Ina dangin alkama suke?

Ba su a Nijar. Ba su a Najeriya, ba su a Cadi. Ko kun bi Komadugu taku-taku, daga kudancin Maine-Sorwa ta ƙasar Shatimari da Difa da Geskeru har Boso, wajen kilomita 150, ba za ku ga alkamar daji ko tushe ɗaya ba. Duk ƙasashen da ke kudu da hamada babu ta.

Gidanta yana arewa maso gabas da mu. Alhazai sun san Makka da Madina. To, in an wuce Madina aka yi arewa, sai a iske ƙasashen Urdun, da Falasɗinu da Isra'ila, da Lubnan, da Siriya. Gaba da su akwai kudancin Turkiyya, da arewacin Iraƙi, da yammacin Iran. In an duba taswira, waɗannan wurare sun yi lanƙwasa kamar jinjirin wata, sun kewaye kogin Furatu da kogin Dajla. Daga Difa zuwa tsakiyar wannan yanki kusan kilomita 4000 ne. Wato kamar a yi tafiyar Difa zuwa Yamai sau uku.

A can, alkamar daji ba a fadama take ba. A gangaren duwatsu take tsira, tsakanin tsakuwa da baƙin dutse, inda itatuwa suke jefi-jefi. Hausawa na cewa, alkama bisa dutse, Allah ke ba ki ruwa. Mu nan muna faɗin haka ga wanda ba shi da kowa sai Allah. To, a can ƙasar maganar zahiri ce. Alkama tana bisa dutse, ba jigo, ba inji, ba mai yi mata ban ruwa.

Dangi uku da ya kamata ku sani

Dangin alkama suna da yawa, amma uku za mu ambata.

Ta farko ita ce mai ƙwaya ɗaya. Ana kiranta haka don sau da yawa ƙwaya guda ake samu cikin kowane ƙunshi na zangarniyarta. Siririya ce, tana jure sanyi ƙwarai, tana hawa tuddai masu tsawo. An fi samun ta a Turkiyya, da arewacin Iraƙi, da Iran, da Armeniya, har zuwa ƙasar Girka. A kudancin Turkiyya, kusa da birnin Diyarbakir, akwai wani dutse mai suna Karajada. A shekara ta 1997 masana suka bayyana cewa mai ƙwaya ɗaya ta gona ta fi kama da ta dajin da ke wannan dutse. Wato a wajen nan aka fara noma ta.

Ta biyu ita ce mai ƙwaya biyu. Ta fi ta farko girman ƙwaya da tsawon gashi. Wurinta bai kai na ta farko faɗi ba. Ta fi yawa a tuddan da ke kewaye da tabkin Galili da kogin Urdun, da kudancin Siriya, da Lubnan. Ana kuma samun ta jefi-jefi a Turkiyya da Iraƙi da Iran. Wani malamin gona mai suna Aaron Aaronsohn ya same ta a daji a shekara ta 1906, arewa da tabkin Galili. Daga gare ta aka samu alkama mai tauri, wadda ake yin makaroni da kuskus da ita.

Ta uku Turawa na ce mata ciyawar akuya. In kun gan ta ba za ku ce ƴar uwar alkama ce ba. Gajeriya ce, ƙwayarta na cikin ɓawo mai tauri, kuma ba a noma ta. Ta kasu fiye da iri 20. Ita ce ta fi sauran bazuwa. Ana samun ta kewaye da Bahar Rum, tun daga Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, har Turkiyya. Daga can ta miƙa gabas zuwa Iran da Afganistan, har yammacin ƙasar Sin. Tana tsira a gefen gona, da gefen hanya, da makiyaya, wani irin ma a rairayin bakin teku. Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta gaɓar tekun Libiya. Hamada ce ta raba mu da ita.

Yanzu ku saurari yadda suka haɗu. Tun kafin a fara noma, wata mai ƙwaya ɗaya ta yi barbara da wata ciyawar akuya a daji, aka samu mai ƙwaya biyu. Wannan shi ne aure na farko. Mutane suka noma mai ƙwaya biyu, suka yi ta ƙaura da ita gabas. Da suka kai kudancin tekun Kasbiya, a ƙasar Iran ta yanzu, sai ta haɗu da wata ciyawar akuya da ke tsira a gefen gonaki. Wannan shi ne aure na biyu, shekara wajen 8000 zuwa 9000 da suka wuce. Daga nan aka samu alkamar burodi. Ita ce muke yin gurasa da alkaki da funkaso da taliya da ita. Ashe duk lomar burodi da kuka kai baki, ciyawar daji uku ne a cikinta.

Kada ku zaci waɗannan ciyayi ƙyalle ne kawai nan da can. Wani masanin Amurka mai suna Jack Harlan ya je dutsen Karajada. Ya shiga cikin mai ƙwaya ɗaya ya yi girbi, da hannu da kuma laujen dutse irin na mutanen da. A cikin awa guda yana samun kusan kilo ɗaya na tsabar ƙwaya. Wato kafin awa uku ya cika tiya. Ya lissafa cewa iyali guda, in suka yi sati uku suna wannan aiki, za su tara abin da ya fi cimakarsu ta shekara.

Ƙasar da ruwa ke sauka da ɗari

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Me ya sa alkama ke son ɗari?

Mu nan ruwa yana sauka ne daga Yuni ko Yuli zuwa Satumba, lokacin da ƙasa ke da ɗumi. A gidan alkama kuwa al'amarin a juye yake. Lokacin da muke damana, su rani suke, ƙasa ta bushe ƙayau. Ruwansu yana farawa wajen Oktoba ko Nuwamba. Ya yi ta sauka cikin sanyi har Maris ko Afrilu. A kan tuddai har ƙanƙara takan sauka. A wasu wuraren, yawan ruwan bai fi namu da nisa ba. Lokacin saukarsa ne ya bambanta.

Saboda haka alkamar daji takan tsira da ruwan farko na Nuwamba. Ta yi ƴaƴa a gindi cikin sanyi, tana girma sannu a hankali. Ta fid da kai in sanyi ya fara sauƙi. Ta nuna wajen Afrilu zuwa Yuni, ta zubar da ƙwaya, ta mutu. Ƙunshin ƙwayar yana da tsini kamar kibiya. Yakan shige tsagin ƙasa ko ƙarƙashin dutse, ya kwanta can duk rani, yana jiran ruwa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Alkamar gonarku ta gaji wannan hali. Sanyi take so tana ƙarama. In an shuka ta da damana, zafi da laima za su hana ta yin ƙwaya, cuta kuma ta kama ta. Mu kuwa Allah ya ba mu sanyin hunturu, amma ba ruwan sama a lokacin. Sai manomi ya haɗa biyun da hannunsa. Sanyi daga hunturu, ruwa daga Komadugu. Da, jigo ake sawa. Yanzu injin ban ruwa ya yi yawa. Haka manoman Abzin suke yi a garakensu da ruwan rijiya. Haka ake yi a Ƙonni da ruwan madatsa.

A nan akwai darasi. Sanyinmu gajere ne. In kuka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, alkama za ta sha sanyin Disamba da Janairu, ta cika ƙwaya kafin zafi. In kuka yi jinkiri har Janairu, zafin Maris zai iske ta tana madara. Ƙwaya ta motse, buhu ya yi sakayau, kuɗin mai da na taki su tafi a banza. Wanda ya san gidan alkama ba ya wasa da ranar shuka.

Yadda ta iso gare mu

Alkama ba ta ƙetare hamada da kanta ba. Mutane ne suka kawo ta. Sunanta ma shaida ne, don daga Larabci muka aro shi. Kun san tsohuwar hanyar ayari da ta taso daga Fezzan, ta bi Kawar da Bilma, ta sauko ƙasar Barno. Ta irin waɗannan hanyoyi alkama ta shigo ƙasashenmu.

Kuma ta daɗe. Wani malami mai suna Al-Umari, wanda ya zauna a Siriya da Masar, ya rubuta labarin ƙasar Kanem wajen shekara ta 1337. Ya lissafa alkama cikin abincin mutanen ƙasar, tare da dawa da shinkafa. Ya kuma faɗi cewa shinkafarsu ba shuka ta ake yi ba, da kanta take tsira. Ku riƙe wannan magana ta shinkafa, za mu dawo gare ta.

Da tsohuwar zuma ake magani

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da ciyawar da ke dutsen Turkiyya? Ga ruwanmu.

Alkamar gona ta saba da gata. Ana ba ta ruwa, ana ba ta taki, ana cire mata ciyawa. Danginta na daji ba su da mai kula da su. Dubban shekaru suna fama da fari da sanyi da cuta da ƙwari. Mai rauni ta mutu, mai ƙarfi ta yi iri. Don haka akwai juriya a jikinsu wadda ta gona ta rasa.

Akwai wata cutar alkama da ake kira tsatsa. Takan fito a kara da ganye kamar jan gari, karan ya raunana ya kwanta. Iska ke ɗaukar ta daga ƙasa zuwa ƙasa. A shekara ta 1998 aka ga wani sabon nau'inta a Uganda, wanda ya fi ƙarfin yawancin irin alkamar da ake shukawa a duniya. Ya bazu zuwa Kenya da Habasha, ya ƙetare teku zuwa Yaman, ya kai Iran a 2007. Masana suka shiga neman tsari. Daga cikin wuraren da suka same shi akwai ciyawar akuya da mai ƙwaya ɗaya. Suka yi barbarar su da alkamar gona don ta gaji wannan tsari.

A ƙasar Mekziko akwai wata cibiyar binciken masara da alkama. Malamanta sun sake ɗaura wancan aure na biyu da hannunsu. Suna haɗa alkama mai tauri da ciyawar akuya iri-iri, don a samu mai jure fari da zafi da cuta. Mu da sanyinmu ke da gajarta, alkama mai jure zafi ita muke bukata.

Saboda wannan amfani ake tsaron dangin alkama ta hanya biyu. Hanya ta farko, a tsare wurin da suke tsira. A Armeniya, kusa da birnin Yerevan, an keɓe wani fili mai suna Erebuni tun 1981. Ba a noma shi, ba a gini a kansa, an bar wa alkamar daji. Hanya ta biyu, a tara irin a ajiye a rumbu mai sanyi. Wata cibiya mai suna ICARDA ta tara iri masu ɗimbin yawa kusa da birnin Halab a Siriya. Yaƙi ya tashi, ma'aikatan suka bar wurin a 2012. Allah ya sa sun riga sun kai ajiyar irin wani rumbu da ke cikin dutsen ƙanƙara, a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe. A 2015 suka karɓo ajiyarsu, suka sake shukawa a Lubnan da Maroko.

Mutanen bakin Komadugu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Tun daga 2015 tashin hankali ya raba iyalai da yawa da gonakinsu na bakin gulbi. Wanda ya bar gida da gaggawa ya san zafin rasa irin da ya gada.

Namu dangin na daji

Mun ce ba mu da alkamar daji. Amma Allah bai bar mu haka ba. Abin da dutsen Karajada yake ga alkama, shi ƙasashenmu na bakin hamada suke ga hatsi da shinkafa.

Mu fara da hatsi, wato gero. Uwarsa ta daji tana tsira a bakin hamada, tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da Cadi, har Sudan. A ƙasarmu ana samun ta a Abzin da Azawak, a gefen ƙoramu da wuraren rairayi da ruwa ke bi. Zangarniyarta gajeriya ce mai gashi, ƙwaya ƙanana, tana zuba da kanta. A arewacin Mali, a kwarin Tilemsi, an tono shaidar noman hatsi ta shekara wajen 4500. Yau ana noma shi har Indiya, amma asalinsa nan ne.

Kun san shibra, wadda ke fitowa a gona ba a shuka ta ba. Ita tsakani take, ta ɗebo halin na daji, ta ɗebo halin na gona. Takan riga hatsi nuna, ta zubar da ƙwaya. Gidaje da yawa sun tsallake yunwar tsakiyar damana da ita. Ƙarangiya da ƙyasuwa ma dangin hatsi ne, sai dai na nesa.

Sai shinkafar da Al-Umari ya ambata. Tana nan har yau a fadamu da tabkunan ƙasar tabkin Cadi da na gulbin Kwara. Iri biyu ce. Ɗaya takan tsira a tabkin da ke cika da damana ya ƙafe da rani. Ta yi ƙwaya, ta zubar, ta mutu. Ita ce uwar shinkafar Afirka, jar shinkafar nan ta gargajiya, wadda aka fara nomawa shekara wajen 3000 da suka wuce. Ɗayar kuma tana son wurin da ruwa ke daɗewa. Saiwarta na yaɗo ƙarƙashin ƙasa, ba ta mutuwa da rani. Manoman shinkafa suna ƙin ta don wuyar cirewa. Amma a jikin irinta da aka ɗebo daga Mali aka samu tsarin wata cuta mai ƙona ganyen shinkafa. Masana a Amurka suka gano asirin wannan tsari a 1995. An sa shi cikin shinkafar da ake nomawa a ƙasashen Asiya.

Akwai kuma ciyayin da ake tsintar ƙwayarsu, irin su sabe da garaji da guɗe-guɗe. A ƙasar Barno da Kanem mata sun saba kaɗa kwando a kan ciyawa da sassafe, ƙwaya na zuba ciki. Wannan sana'a ta girmi noma a nan. A Gajiganna, cikin Barno ta Najeriya, an tono tukwanen da suka fi shekara 3000. A jikin waɗanda suka fi tsufa an ga sawun ƙwayar ciyawar daji da shinkafar daji. Sai a na baya aka ga sawun hatsin gona. Dattawanku kuma za su gaya muku abin da ƙarangiya ta yi wa mutane a yunwar 1973 da ta 1984.

Kowace da wurinta. Ƙarangiya ta jigawa ce, irin tuddan rairayi na ƙasar Manga. Sabe na son laka da gefen ruwa. Shinkafar daji sai cikin tabki. In wurin ya ɓaci, ciyawar ta tafi.

Abin da ke ɓata wuraren

A gidan alkama, abin da ke cinye danginta shi ne yawan kiwo, da faɗaɗa gonaki, da gine-gine, da yaƙi. Namu ma kusan haka ne.

Na ɗaya, ruwa ya sauya. Komadugu daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake samun ruwa. An gina madatsar Tiga a 1974, aka gina ta Challawa a 1992, duk a ƙasar Kano. Ga kuma farin shekarun 1970 da 1980. Tabkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ragu ƙwarai a waɗannan shekaru, ko da yake ruwa ya ɗan dawo daga baya. Wata shekara gulbi ya gaza cika tabkuna. Wata shekara kuma ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a Difa a 2019 da 2022.

Na biyu, rairayi. Mutanen Maine-Sorwa da Gudumariya sun ga yadda tudun rairayi ke tafiya yana binne kwari, da dabino da kanwa da ciyawa duka.

Na uku, hannunmu. Gobarar daji tana cinye ƙwaya kafin ta shiga ƙasa. Masu kwasar ciyawa don sayarwa sukan share fili tas, har da irin baɗi.

Aikin da ke gabanku

Ba a ce ku bar ciyawa ta cinye muku gona ba. Ku cire shibra daga inda za ku zaɓi iri, don kada ta gurɓata shi. Ku cire shinkafar daji daga fangalin shinkafa. Amma a wajen gona, ga abin da muke roƙonku.

Ku bar ciyawa ta zubar da ƙwaya kafin a yanke ta. In kuna kwasa, ku rage wani wuri.

Ku share hanyar tare gobara bayan damana. Ku kashe wuta sarai kafin ku tashi daga zango.

In gari yana da tabki, ku yi shawara da maigari da makiyaya, a bar wani gefe ba noma. Ku kama wa masu kafa shingen tare rairayi.

In kuna da tsohon irin alkama ko na hatsi da kuka gada, kada ku yar da shi don sabo ya zo. Ku shuka ko fangali ɗaya kowace shekara. Ku ba ɗan uwa da ke wani gari ya ajiye muku kaɗan. Ƙasarmu tana da cibiyar binciken noma ta INRAN tun 1975. Akwai kuma rumbun ajiyar iri na ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai. Malamin gona na yankinku zai iya nuna muku hanya.

Abu na ƙarshe naku ne, ku da kuka koyi karatu da rubutu. Ku ɗauki kaye da alƙalami, ku je wurin tsohuwa ko tsohon da ya san daji. Ku rubuta sunan kowace ciyawa da ake cin ƙwayarta, da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci. Ku rubuta inda take tsira, da watan da take nuna, da yadda ake gyara ta. Ku tambaya ko tana nan, ko ta ɓace. Abin da ke cikin kan tsoho yakan tafi tare da shi. Abin da aka rubuta yana jiran jikoki.

Wasu mutane da ba ku taɓa gani ba suna tsaron dangin alkama a kan duwatsunsu, ku kuna cin amfanin. Dangin hatsi da na shinkafa kuma amanarsu tana hannunmu.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya bambanta zangarniyar ciyawar daji da ta gona?
2. Ku ambaci ƙasashe uku da alkamar daji ke tsira.
3. A wane lokaci ruwan sama ke sauka a gidan alkama?
4. Me ke faruwa in an yi jinkirin shuka alkama har Janairu?
5. Waɗanne ciyayi ake cin ƙwayarsu a garinku? A ina suke tsira?
6. Akwai wadda iyayenku suka sani, ku ba ku ƙara ganinta ba? Me ya kore ta?

Ku rubuta amsoshinku, ku ba malaminku ya duba. Allah ya ba mu ɗari mai albarka, ya cika gulbi ba tare da ɓarna ba, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.